Akawu Biyu da Jakar Cefane

A shekarar 1964 Bernard Lee ya fito a finafinan leƙen asiri guda biyu. Ɗaya kowa ya san shi, Goldfinger, inda yake zaune bayan ƙaton tebur a matsayin M, ubangidan James Bond, yana ba da umarni fuska a ɗaure. Ɗayan kuwa ko a Ingila sai an tona kafin a sami mai tuna shi. Sunansa Ring of Spies, a Amurka aka sa masa Ring of Treason. Baƙi-da-fari ne, tsawonsa kamar awa ɗaya da rabi, kuma a cikinsa mutumin nan mai gadin asirin Sarauniya a wancan fim shi ne tsohon akawun da ke kwashe asirin yana sayar wa Rasha don ya sami na zuwa mashaya. Ni na biyun na fi so, nesa ba kusa ba. Ba wai ya fi kyau ba ne. Ya dai san wani abu game da ofis wanda Bond bai sani ba.

Aikin rajista na yi har na ajiye. Ga wanda bai taɓa shiga ma'aikatar gwamnati ba, rajista ita ce ɗakin da fayiloli ke kwana, daga nan suke fita, nan suke dawowa. Iri biyu ce, ta fili da ta sirri, kuma tsarin kacokan daga Turawan Ingila muka gaje shi, har da dokar tsare sirrin gwamnati ta 1962 da ake ja mana kunne da ita tun ranar kama aiki. Tushenta dokar Ingila ce ta 1911, wadda da ita aka yi wa mutanen wannan labari shari'a. Abin da kowane ɗan rajista ya sani, manya kuma ba sa son a faɗa, shi ne babban sakatare yana riƙe fayil na minti goma ya sa hannu ya ture, akawu kuwa da shi yake wuni, shi ke kulle shi, makulli yana aljihunsa. Wanda ya fi kowa ƙarancin albashi a ginin shi ya fi kowa kusa da takarda.

Labarin gaske ne ya faru, kuma fim ɗin bai ko sauya sunayen dangin mutanen ba. Harry Houghton tsohon sojan ruwa ne, an haife shi a 1905. A 1951 aka tura shi ofishin jakadancin Birtaniya a Warsaw, babban birnin Polan, ya zama akawun jami'in sojan ruwa na ofishin. Can ya dulmuya cikin giya da cinikin bayan fage, har aka gaji da shi aka dawo da shi gida a 1952. Daga nan fim ɗin ya ɗauko, da Houghton a buge yana zubar da mutuncinsa a gaban manya. To, mutumin da aka koro saboda shaye-shaye daga ƙasar da ke hannun Rasha, ina ya kamata a kai shi? Hukumar sojan ruwa ta kai shi Portland, a gaɓar tekun Dorset, cibiyar da ake ƙerawa da gwada na'urorin gano jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin ruwa. A lokacin nan kaɗan ne wuraren da suka fi ta sirri a duk Ingila.

Da na ga wannan sai da na yi dariya ni kaɗai, don ciwon na san shi. In ma'aikaci ya addabi ofis, ba a korarsa, korar tana da wahala, sai an yi takardar tuhuma, an kafa kwamiti, an jira amsa. Canjin wurin aiki ya fi sauƙi. Rahoton da zai bi shi kuma a sassauta shi, kada a ce kai ka toshe wa wani hanyar cin abinci, ga fansho ya kusa. Sabon maigidansa ya karɓe shi fes. A wurinmu abin da ke salwanta a irin wannan ba ya wuce takardar fili ko fayil ɗin ƙarin girman wani. A Portland asirin jiragen yaƙi ne.

Daga baya aka matsar da Houghton zuwa wani sashe inda hannunsa ba ya kai wa ga manyan takardu. Nan Ethel Gee ta shigo, wadda ake kira Bunty. Akawu ce mai jera takardu a sashen da ake ajiye zanen na'urori, ta haura arba'in ba ta yi aure ba, tana zaune da tsohuwar mahaifiyarta da wasu tsofaffin dangi tana ɗawainiya da su. Houghton ya nemi ta, ta amsa. Abin da take iya taɓawa shi ne abin da shi ba ya iya taɓawa. Dabarar kuwa babu wata gwaninta a ciki: takarda ta fita a ƙarshen mako, a ɗauki hotonta, ta koma mazauninta kafin a buɗe ofis ran Litinin. Fayil ɗin da ya ɓata shi ke tayar da hankali, a rufe ƙofa, a binciki kowa. Wanda ya kwana waje ya dawo ba ya barin sawu. Littafin shige da fice ba ya ganinsa, domin mai rubuta littafin shi ne ya fita da shi.

Margaret Tyzack ce ta fito a matsayin Gee, kuma a ganina ita ce ta ɗauki fim ɗin. Shekarunta talatin da 'yan kai a lokacin, amma ta tsufar da kanta da tafiya da zama kawai, da yadda take riƙe jaka da hannu biyu kamar za a ƙwace. In Houghton ya yi mata magana mai daɗi, fuskarta tana nuna ta ji daɗin, tana kuma nuna ta san akwai wani abu a bayan maganar, ta dai zaɓi kada ta duba. Na zauna da irinta a ofis, maza da mata. Mutanen da ba su taɓa makara ba, ba su taɓa ɓatar da takarda ba, ba a kuma taɓa ce musu sannu da aiki ba. Ranar da wani ya lura da su, ko da mugu ne, sun tafi. Bernard Lee shi kuma bai yi ƙoƙarin sa a so Houghton ba. Ya bar shi yadda yake: mai cika baki, mai ganin duniya ta cuce shi, mai son ya sayi giya ga kowa a mashaya don a ce da shi wani ne. Babu aƙidar gurguzu a kansa ko ta sisin kwabo. Haushi ne da ƙishirwa.

Me ya sa fim ɗin ya fito haka, ba ado ba ƙyalli? Rashin kuɗi. Tun 1927 Birtaniya ta kafa doka cewa dole gidajen silima su nuna wani kaso na finafinan gida, don kada na Amurka su cinye kasuwa. A 1950 kuma aka fara cire ɗan wani abu daga kuɗin kowane tikiti, harajin da ake kira Eady, ana mayar wa masu shirya finafinan ƙasar. Ga shi a wancan zamani tikiti ɗaya fim biyu ake kallo da shi, babba da ƙarami, ƙaramin kamar gyaran da mai awo ke ɗora maka bayan ya cika mudu. Wannan ya haifar da masana'anta guda ta ƙananan finafinai masu arha, ana ɗaukarsu cikin 'yan makonni. Daraktan wannan fim, Robert Tronson, daga nan ya fito, daga talabijin da gajerun finafinan 'yan sanda na labaran Edgar Wallace da ake yi a situdiyon Merton Park a kudancin Landan. Bernard Lee ma ya sha fitowa ɗan sanda a cikinsu. Ring of Spies ya ɗan ɗara waɗancan, Frank Launder da Peter Barnes suka rubuta, kamfanin British Lion ya rarraba, amma hannun da ya saba da tsimi bai sake ba.

Wanda ba shi da kuɗin gina fada a situdiyo dole ya fita titi. Wanda ba shi da kuɗin farfasa motoci dole ya nuna mutum yana jira a cikin mota. Abin da ya fi yawa a fim ɗin ke nan: tafiya a ƙasa, jira, zama a mashaya, ɗaki mai labule da kujera biyu, sararin sama ba rana. Da an ba Tronson kuɗin Goldfinger, ina kyautata zaton da ya lalata labarin, don da an matsa masa ya ƙirƙiro gudu da harbi da kyakkyawar mace a bakin teku. Da bai samu ba, sai ya nuna leƙen asiri a matsayin abin da yake, aikin takarda da haƙuri da gundura, wanda ake yi ran Asabar bayan an hau jirgin ƙasa zuwa Landan. Talaucin fim ɗin da talaucin rayuwar mutanen sun dace da juna.

Wanda suke kai wa kayan shi ne Gordon Lonsdale, ɗan kasuwa wai daga Kanada, mai ba da hayar akwatunan kiɗa da ake jefa wa kwabo da injinan sayar da cingam, mai fara'a, mai kashe kuɗi, mata na sonsa. William Sylvester ya fito a matsayinsa, Ba'amurke mai santsin murya. Lonsdale na ƙarya ne. Sunansa Konon Molody, a Mosko aka haife shi a 1922, ya yi ƙuruciya a Kalifoniya wurin 'yar'uwar iyayensa, shi ya sa Turancinsa ba ya da tabo. Da ya iso Landan a 1955 sai ya shiga makarantar SOAS yana koyon Sinanci, makarantar nan dai ta Jami'ar Landan da aka daɗe ana koyar da Hausa a cikinta. Gordon Lonsdale na ainihi yaro ne da aka haifa a garin Cobalt na Kanada a 1924, uwarsa ta tafi da shi ƙetare yana ƙarami, bai dawo ba, takardunsa suka faɗa hannun Rasha. Cikin abubuwan da suka tona asirin na bogin har da wani da ba a zata ba: bayanan Kanada sun nuna an yi wa yaron kaciya, mutumin da ke tsare a Landan kuwa ba a yi masa ba. Duk shirin da KGB, hukumar leƙen asirin Rasha, ta yi na shekaru, wanzami ya warware shi.

Wani abin ban dariya a gefe: bayan shekara huɗu Stanley Kubrick ya haɗa Sylvester da Tyzack a fage ɗaya cikin 2001: A Space Odyssey. A can shi ne Ba'amurken da ke ɓoye sirri, ita ce masaniyar kimiyya 'yar Rasha da ke zaune ana tambayarsa.

Inda fim ɗin ya gaza a wurina shi ne wajen Peter da Helen Kroger, waɗanda ke aika wa Mosko abin da Lonsdale ya samo. David Kossoff da Nancy Nevinson sun yi iya yinsu, amma an ba su ɗan wuri, alhali su ne manyan ƙwari. Ga maƙwabta, tsofaffin ma'aurata ne masu kirki a wani gida mara bene a Cranley Drive, unguwar Ruislip, mijin yana sayar da tsofaffin littattafai, fasfonsu na New Zealand. A gaskiya Morris da Lona Cohen ne, Amurkawa. Shi ya yi yaƙin basasar Sifen, ita kuma tana cikin waɗanda suka ɗauko asirin bam ɗin nukiliya daga masu aiki a Los Alamos, inda Amurka ke ƙera shi, a 1945. Sun gudu daga Amurka a 1950. Cinikin littattafai ba banza suka zaɓe shi ba: ana ƙanƙance hoton shafi guda har ya koma kamar ɗigon alƙalami, a manna shi cikin littafi, a aika ƙetare ta gidan waya, wa zai buɗe tsohon littafi yana duba ɗigo? Da aka binciki gidan an sami gwangwanin hoda mai ɓoyayyen aljihu, da batirin tocila wanda cikinsa rami ne, da laitar tebur mai ɗauke da takardun lambobin sirri, da kuɗi da fasfo. Na'urar aika saƙo zuwa Mosko kuwa sai da aka kwashe kwanaki ana nema kafin a gano ta a ƙarƙashin daɓen kicin. Waɗannan biyun don aƙida suka yi, ba don kuɗi ba, kuma fim ɗin bai san yadda zai yi da mai aƙida ba. Mashayi ya iya nunawa.

Akwai kuma abin da masu fim ɗin ba su da halin faɗa, don a lokacin yana kulle. Abin da jama'a suka ji shi ne kashe kuɗin Houghton ya fi ƙarfin albashinsa, shi ya jawo aka sa masa ido. Wannan ya yi wa hukuma daɗi, ya nuna tana farke. Ainihin bakin zaren daga waje ya zo. Wani babban jami'in leƙen asirin Polan, Michael Goleniewski, wanda ke aika wa CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, bayanai a ɓoye, shi ya ce akwai wani a hukumar sojan ruwan Birtaniya da aka ɗauka aiki tun yana Warsaw. Sai a 1960 MI5, hukumar tsaron cikin gida ta Birtaniya, ta fara bin Houghton, ta gan shi yana miƙa wa Lonsdale kaya, ta bi Lonsdale har Ruislip, jami'anta suka tare a gidan wasu maƙwabta da ke kallon na Kroger. Da Lonsdale ya ajiye jaka a wani banki zai yi tafiya, suka karɓo ta a asirce, suka ɗauki hoton komai, suka mayar. Dabarar Houghton ce aka juya musu.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne batun matar Houghton. Tun tsakiyar shekarun 1950 ta kai ƙara cewa mijinta yana zuwa gida da takardun sirri, yana kuma zuwa Landan ganin wasu baƙi. Aka ce kishi ne da ɓacin ran aure, aka rufe maganar. Takardun MI5 da aka buɗe wa jama'a daga baya sun tabbatar da haka. Shekaru aka ƙara ana ɗiba bayan mace ta zo da ƙafarta ta faɗi gaskiya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma kwamitin bincike na Sir Charles Romer da aka kafa a 1961 ya ɗora wa tsaron hukumar sojan ruwa nasa kason laifin. Ina iya ganin yadda aka yi a ofis: wani ya karanta, ya rubuta layi biyu a gefe, ya sa a ajiye. Akawu ya ɗauka ya jera a kabad yadda aka umarce shi.

Ran Asabar 7 ga Janairun 1961 aka kama su, a titin Waterloo kusa da gidan wasan Old Vic. Houghton da Gee sun zo daga Dorset, Lonsdale ya tarye su, ya karɓi jakar cefanen da ke hannun Gee kamar mai taimakon mace da kaya. Nan Sufuritanda George Smith na sashen 'yan sanda na musamman ya tsayar da su. A cikin jakar akwai takardu da fim ɗin kyamara mai ɗauke da bayanai, har da na HMS Dreadnought, jirgin ƙarƙashin ruwa na farko mai aiki da nukiliya da Birtaniya ta ƙera. Da yamma Smith ya isa Ruislip. Helen Kroger ta nemi a bar ta ta ƙara wa tukunyar ɗumama gida wuta kafin a tafi da ita. Smith ya ce to, amma a ba shi jakar hannunta tukuna. A ciki ya sami ambulan da wasiƙa da Rashanci da ɗigogin nan na hoto. Wannan ba marubucin fim ne ya ƙago shi ba, haka aka faɗa a kotu.

A watan Maris aka yi shari'ar a kotun Old Bailey gaban Babban Joji Lord Parker. Gee ta ce ita a saninta mutumin nan Alex Johnson ne, hafsan sojan ruwan Amurka, mai son ya ga yadda Ingila ke riƙon asirin da Amurka ke ba ta. Houghton ya ce barazana aka yi masa har da duka. Lonsdale ya miƙe ya ce duk abin da aka samu a Ruislip nasa ne, su Kroger ba su san komai ba.  Kotu ba ta karɓi ko ɗaya ba. Lonsdale shekara 25, Peter da Helen 20 kowanne, Houghton da Gee 15 kowanne.

Fim ɗin ya fito ne a lokacin da Ingila ta gaji da jin kunya. Bayan wannan shari'a da wata biyu aka ɗaure George Blake, jami'in leƙen asirin Birtaniya da ke yi wa Rasha aiki, shekara 42. A 1962 aka kama John Vassall, shi ma akawun hukumar sojan ruwa mai kai wa Rasha asiri. A 1963 Kim Philby, wani tsohon jami'in leƙen asirin Birtaniya da ke yi wa Rasha aiki, ya tsere Mosko, minista Profumo ya yi murabus kan wani abin kunya. Mai sayen tikiti a 1964 yana da zaɓi: ya shiga ya ga Bond yana cin duniya da sunan Ingila, ko ya shiga ya ga yadda aka yashe Ingila da jakar cefane. Ba sai na faɗi inda layi ya fi tsawo ba.

Shekarun da joji ya yanka ma ba su zauna yadda ya yanka su ba. A watan Afrilun 1964, shekarar da fim ɗin ya fito, aka kai Lonsdale iyakar Balin aka musanya shi da Greville Wynne, ɗan kasuwar Ingila da Rasha ta ɗaure. Shekara uku kacal ya yi cikin 25. A 1969 aka musanya su Kroger da wani malamin makaranta, Gerald Brooke, suka ƙarasa rayuwarsu a Mosko da girma. A 1990 Tarayyar Sobiyet ta buga hoton Molody a kan tambarin aika wasiƙa. Akawun nan biyu kuwa, da hukuncinsu ya fi na kowa sauƙi, babu ƙasar da ta nemi a ba ta su. Sun zauna har 1970, suka fito bayan kowa, suka yi aure a 1971.